Kyamara Ba Maƙiyiyar Alƙalin Wasa Ba Ce

Mutanen Amurka suna da wani wasa da suke ƙauna kamar yadda muke ƙaunar ƙwallon ƙafa, ana ce da shi besbol. Wani ya jefa ƙwallo, wani ya doke ta da kulki ya ruga zuwa tasha ta farko. In ƙwallon ta riga shi shiga hannun mai tsaron tashar, to, an fitar da shi. Alƙali yana tsaye kusa, shi ke yanke wanda ya riga.

Ran 2 ga Yuni, 2010, a birnin Detroit, wani mai jifa ɗan ƙasar Benezuwela, Armando Galarraga, ya fitar da mutum 26 a jere. Saura ɗaya ya cika 27, abin da har zuwa 2023 sau 24 kacal aka taɓa yi a babbar gasarsu. Na ƙarshen ya buga, ƙwallo ta riga shi isa, amma alƙali Jim Joyce ya ce ya tsira. Da Joyce ya ga hoton bayan wasa, ya amsa kuskurensa, ya nemi gafara. Galarraga ya yafe masa. Kashegari suka gaisa a fili, Joyce yana hawaye.

Akwai masu cewa irin wannan kuskure shi ne gishirin wasa, kada a bar na'ura ta ɓata shi. Ban yarda ba. Yafewar ta yi kyau ƙwarai, amma ba ta mayar wa Galarraga haƙƙinsa ba. Hukumar gasar ta ƙi sauya hukuncin, sunansa kuwa bai shiga littafin tarihi inda ya cancanta ba. Shi ma alƙalin an cuce shi. Mutane a gida sun ga gaskiya a talabijin cikin daƙiƙoƙi kaɗan, shi kaɗai aka hana gani, sa'an nan aka ɗora masa laifin. Kafin shi, Don Denkinger ya yi irin wannan kuskure a wasannin ƙarshe na 1985, har aka yi ta yi masa barazanar kisa.

Tun 2008 aka soma duba bidiyo a kan 'yan abubuwa kaɗan. A 2014 aka faɗaɗa, aka ba kociya ikon ƙalubalantar hukunci. A 2025 kuma aka amince cewa daga 2026 mai jifa, ko mai bugu, ko mai cafe ƙwallo zai iya taɓa hularsa ya nemi kyamara ta auna ko jifar ta bi inda doka ta ce.

Masu kukan ɓata lokaci suna da hujja, duk wanda ya taɓa zaman jiran hukuncin VAR ya sani. Shi ya sa na fi son tsarin besbol: kowace ƙungiya dama biyu gare ta, in ta yi daidai ba a rage mata, in ta yi kure ta rasa ɗaya. Ɗan wasa zai yi tunani sau biyu kafin ya ɗaga hannu, alƙali kuwa yana nan a wurinsa yana yanke sauran ɗaruruwan hukunce-hukuncen ranar.