Dakuwarmu ta fi biskit, in mun tsince gyaɗar

A manyan kantuna ana sayar da wani abin ƙwalama da ke zuwa daga Turai da Amurka, a naɗe cikin takarda mai ƙyalli, tsawonsa bai fi yatsa ba. Granola ake ce masa. Hatsin Turawa ake gasawa, a haɗa da gyaɗa da busassun 'ya'yan itatuwa, a ɗaure da zuma ko sukari, a danne, a yanka. Wani likita Ba'amurke, James Caleb Jackson, ya fara haɗa irinsa a 1863 don majinyatansa, sai a shekarun 1970 kamfanoni suka mai da shi sanda-sanda suka cika kasuwa. Yau mata da yawa a can sun koma yin nasu a gida, don na kanti sukari ya yi masa yawa.

Wanda ya tashi a Tasawa ko Mayahi ba zai ga baƙon abu a nan ba. Dakuwa ce, da kantu, da hallaka-kwabo. Iyayenmu mata sun daɗe suna soya aya da gyaɗa, su daka da garin hatsi, su dunƙula, yaro ya sa a aljihu ya tafi kiwo ko makarantar allo. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muka bar wannan sana'a ta tsaya cik, yaranmu kuma suka koma kan biskit ɗin dala biyar da alewa mai rina harshe, waɗanda fulawa da sukari ne kusan dukansu. Yaro ya ci da ƙarfe goma, kafin a tashi lakwal yunwa ta dawo.

Ku dubi abin da ƙasar nan ke fitarwa. Gero shi ne uban gona daga Tasawa har Mayahi, Nijar kuwa tana sahun gaba a noman gero a duniya. Akwai gyaɗa, akwai riɗi, akwai wake. Jihar Maraɗi ce cibiyar aya a ƙasar, musamman wajen Agiye da Cadawa da Gazawa, maƙwabtanmu na kusa, kuma ayar nan tana tafiya Najeriya, tana kaiwa har Sifen, inda mutanen Balensiya ke yin kunun aya nasu. A gulbin Kaba goruba ce ko'ina, garinta kuma yana da zaƙi na kansa. Ga magarya, ga kuka. A 2018 an fitar da irin gero mai suna Chakti a Nijar, aikin masu bincike na ICRISAT, wanda ya fi geron da muka saba yawan sinadarin ƙarfe, wato abin da ke tsare yara da masu juna biyu daga ƙarancin jini. Duk abin da Bature zai nema ya haɗa granolarsa, muna da wanda ya kai shi ko ya fi shi, a rumbu ko a kasuwar mako.

Kuma mun ga abin da gyaɗa za ta iya da idonmu. A 2005, bayan fari da fara sun haɗu mana a daminar 2004, jihar Maraɗi ce tamowa ta fi yi wa ɓarna, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar dubban yara da wani ɗan ƙunshi mai suna Plumpy'Nut. André Briend da Michel Lescanne suka ƙirƙiro shi a Faransa a 1996. Tunkuzar gyaɗa ce da garin madara da mai da sukari da sinadaran gina jiki, giram 92 a ƙunshi. Daga baya kamfanin STA na Yamai ya shiga yin sa a gida. Sai dai a fahimce ni da kyau: wannan magani ne, dakuwa kuwa abinci ce. Yaron da ya rame ko ƙafafunsa suka kumbura, asibiti za a kai shi, kada a tsaya ana ba shi dakuwa. Maganata a kan yaro mai lafiya ce, wanda muke so ya zauna da lafiyarsa.

To yaya za a yi ta? Ga yadda na fi so. A surfe gero, a wanke, a shanya ya bushe sarai, a soya shi a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi, sannan a ɓarza, kada a niƙa ya yi laushi. Suyar nan tana da amfani, don garin gero ɗanye ba ya jimawa yake ɗaci, soyayye kuwa yana daɗewa. A soya gyaɗa a murje ɓawon, a wanke riɗi a rege tsakuwa a soya shi sama-sama. Gwangwani biyu na gero, ɗaya na gyaɗa, rabi na riɗi, da garin aya soyayya in akwai. Abin ɗauri kuwa dabino ne: a cire ƙwallon, a jiƙa kaɗan, a kirɓa a turmi har ya yi danƙo, a zuba sauran kayan a ci gaba da kirɓi. Ɗan citta, ɗan kanumfari, gishiri kaɗan. In ya ƙi kama jikinsa, cokali biyu na zuma ko tunkuza sun isa. A shimfiɗa a tire, a murza da kwalba ya danne sosai, a yanka da wuƙa. Iyaka ke nan. Jaririn da bai shekara ba kada a ba shi mai zuma, ƙananan yara kuma a daka musu gyaɗar ta yi laushi don kada ta shaƙe su.

Na zaɓi dabino ne don guje wa sukari. Mai kantu tana narka sukari ta zuba riɗi, har wani lokaci sukarin ya rinjayi riɗin, don shi ke ɗaurewa kuma shi yara ke bi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu a yini, wajen giram 50 ke nan ga baligi, na yaro bai kai haka ba. Ku lissafa kokon safe da shayi da lemon leda, ku ga inda muka tsaya tun kafin a zo kan alewa.

Amma babbar damuwata gyaɗar ce. Mun san yadda ake yi: mai kyau, manyan ƙwaya, ita ake aunawa a tiya a kai kasuwa, ƙanƙanarru da fasassu da masu baƙin ciki su ake bari a gida a yi ƙuli-ƙuli da dakuwa. A cikin waɗannan ne guba take. Gyaɗar da fari ya kama a ƙarshen damina, ko aka tara ta ba ta gama bushewa ba, tana yin wata fumfuna mai fitar da dafin da ake kira aflatokzin. An gano shi bayan 1960, lokacin da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa musu da dusar gyaɗa. A jikin mutum hanta yake kamawa, yana jawo sankararta, haɗarin kuma ya fi yawa ga mai ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a garuruwanmu. Suya ba ta kashe shi, kirɓi ba ya kashe shi. Abin da ke rage shi sosai aikin hannu ne: a shanya gyaɗa a kan tabarma ko tamfol, a baza a faifai, a tsince duk wadda ta yamutse, ta canza launi, ko ƙwaro ya huda, a zubar. Kada a ce a ba awaki masu shayarwa, don yana bin nono. Na san zubar da gyaɗa a gidan da ake auna hatsin kwana abu ne mai ciwo, kuma ba na faɗin haka da sauƙin baki. Duk da haka gara dakuwa ta ƙanƙance a kan a ciyar da yaro wannan.

Saura sutura. Dakuwar da ke yini a buɗe a tashar Tasawa, kan babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, ƙura da ƙuda suna sauka a kanta, ba za ta ja matafiyi ba ko da ta fi biskit sau goma. Bokiti mai murfi da ƙunshi mai tsabta ba su fi ƙarfin asusun mata ba. Ƙungiyoyin mata masu adashe a ƙauyukan Tasawa da Mayahi sun riga sun iya tara kuɗi da raba aiki. Abin da suka rasa mai saye ne tabbatacce. Kwamitocin iyayen yara na makarantu za su iya zama wannan mai sayen: su yi yarjejeniya da ƙungiya ɗaya a gari, su gindaya sharaɗin tsintar gyaɗa da rage sukari, malamin asibitin garin ya riƙa leƙa wurin aikin, a sayar wa yara a bakin lakwal a kan kuɗin da suke ba mai biskit. A fara da kaka, lokacin da gero da gyaɗa ke da araha kuma makarantu ke buɗewa.