Wasiƙa Zuwa ga Masu Yankan Kaji na Jazira da Bakin Shuɗin Nilu

Ya ku 'yan'uwa masu sana'a, daga Mai Wurno har ƙauyukan da ke kewaye da Wad Madani.

Ina roƙonku ku dubi hanji da gashi da huhun da kuke tulawa a bakin magudanan ruwan gonaki, waɗanda tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 suke shayar da auduga da mutane, domin abin da ya zame wa maƙwabta wari da ƙudaje dukiya ce, kuma zubar da ita almubazzaranci ne.

Ilmin tsamo wannan dukiya ba baƙo ba ne a gidajenmu. Iyayenmu mata da ke tsima daddawa, da matan Darfur da ke rufe ganyen tafasa a tukunya har ya zama kawal, waɗansu halittu suke sa wa aiki da ido ba ya ganinsu; malami Hamid Dirar ya tattara hikimomin nan na Sudan a littafinsa na 1993, har da tsimin ƙashi da kitse. To, in kun niƙa hanjin tun da ɗuminsa, kuka gauraya shi da baƙin ruwan rake da ke saura a masana'antun sukari, gwargwadon kashi ɗaya cikin goma ko fiye kaɗan, kuka toshe ganga yadda iska ba za ta shiga ba, cikin 'yan kwanaki tsami zai rinjayi ruɓa, ya danne mafi yawan ƙwayoyin cuta, abin ya dace da haɗin abincin kifi. Hanci ne alƙali: ƙamshin tsami alamar nasara, ɗoyi kuwa hukuncinsa binnewa. Farin ruwan ɗanyar gwanda yana gaggauta narkewar naman, har kitse ya taso a yaɗe shi daban.

Gashi ya fi taurin kai, alhali kusan kashi 90 cikin ɗari nasa furotin ne. Dafa shi tukuna yana sauƙaƙa wa dangin halittun da ke nunar da daddawa warware shi.

Amma, don Allah, kada kwaɗayin riba ya sa mushe ko kazar da annoba ta kashe ta kusanci gangar nan. Jini ku tara shi daban ku kai ramin taki. Hukuncin ciyar da shi ga abin da Musulmi zai ci kuwa, ku tambayi malamanku na fiƙihu kafin ku taɓa.