Rediyon Intanet da Kunnen Mutumin Dirin Daji

Yanzu da wuya a buɗe shafin intanet na wani gidan rediyo a Arewa ba a tarar da maɓallin nan mai cewa "Saurara kai tsaye" ba. Da an latsa shi a cikin burauza, sai murya ta fito daga waya ko kwamfuta, babu eriya, babu murɗa akwati. Abu ne mai amfani. Amma daga kansa wata magana mai haɗari ta fara samun gindin zama a bakin masu tsara harkar watsa labarai, wai zamanin turken watsa shirye-shirye ya wuce, tunda kowa na iya ji ta intanet. Duk mai wannan ra'ayi ya kamata a kai shi Dirin Daji, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sakaba a Masarautar Zuru, ya maimaita ta a gaban manoma.

Sai an fahimci yadda hanyoyin biyu ke aiki kafin a gane girman kuskuren. Gidan rediyo na gargajiya yana jefa siginarsa cikin iska sau ɗaya tak. Ko mutum goma ne suka kama tashar, ko miliyan goma, kuɗin da gidan ya kashe bai ƙaru ba, mai sauraro kuma ba ya biyan komai bayan kuɗin batir. Ta intanet kuwa, kowane mai sauraro yana jan nasa igiyar daban daga babbar kwamfutar da ke raba shirin. Ana yanka sautin ƙanana-ƙanana, a turo su ta turken kamfanin waya, burauza ta tara na 'yan daƙiƙoƙi a ajiye kafin ta fara kunnawa. Idan sabis ya yi rauni har ajiyar ta ƙare, murya sai ta ɗauke a tsakiyar jimla. Gidan rediyo yana biyan kuɗin kowane kunne da ya ƙaru, mai kunnen shi ma yana biya.

Lissafin kuɗin ba shi da wuya. Tashoshi da yawa suna turo sauti a kan kilobit 128 a kowace daƙiƙa, wanda ke cin kusan megabayit 58 a awa ɗaya. Wanda ya saba jin rediyo awa biyu a rana zai ƙone kusan gigabayit uku da rabi a wata, a kan sauraro kaɗai. A watan Janairun 2025 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Manomin dawa da ke jiran kaka kafin ya ga kuɗi a hannunsa, shi ake cewa ya sayi data don ya ji sanarwar rabon taki da gwamnatinsa ta yi. Labarin da kakansa ya ji kyauta tun da BBC ta buɗe Sashen Hausa a 1957, kuma Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, yau an ɗora masa haraji.

Batun ya wuce kuɗi, ya kai ga rai. Ƙasar Zuru ta sha wuya a hannun 'yan bindiga, kuma a watan Maris na 2022 an kashe 'yan sa-kai fiye da sittin a wani kwanton ɓauna a yankin Sakaba. A irin wannan wuri, sanin hanyar da ta rufe da kasuwar da aka ɗage yana iya zama abin da zai tserar da mutum. Ga kuma darasin da maƙwabta suka bayar: a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a faɗin Jihar Zamfara domin yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka yi haka a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. A makonnin nan duk wani maɓallin "Saurara kai tsaye" ya zama hoto kawai. Abin da ya ci gaba da magana shi ne tsohon akwatin rediyo mai batir biyu, wanda matsakaicin zango ke kawo masa murya daga nesa idan dare ya yi, gajeren zango kuma ya ƙetaro masa da ita daga wata nahiya. Hanyar da ke mutuwa a ranar da aka fi bukatarta ba ta isa a jingina mata rayuwar jama'a ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗi ba. Mai akwatin rediyo ba ya barin sawu, babu wanda ya san tashar da ya kama. Mai saurare ta burauza kuwa yana barin adireshin na'urarsa a wurin mai shafin, layin wayarsa kuma tun daga ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Sirrin kunne wani yanki ne na 'yanci, kuma ana sarayar da shi ba tare da an tambayi mai shi ba.

Masu kare rediyon intanet suna da hujja mai ƙarfi, kuma adalci ne a saurare ta. FM ba ya tafiya nesa, tudu da duwatsu suna tare shi. Zuru kuwa ƙasa ce da ta shahara da ba Nijeriya sojoji, 'ya'yanta suna warwatse daga barikokin Legas zuwa fagen daga a Borno. Sojan da ke Maiduguri ko ɗalibar da ke Zariya ba su da wata hanyar jin muryar gida, ko shirin bikin Uhola, ko gaisuwa cikin harshen C'lela, in ba ta intanet ba. Dandali irin Radio Garden, wanda aka ƙaddamar a Holan a 2016, ya nuna daɗin da ke cikin kama tashar garinku daga ko'ina a duniya. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai hujja ce ta ƙara intanet a kan turke. Ba ta halatta barin turke ya yi tsatsa ba. Wanda ya yi ƙaura ya samu ƙarin hanya, to bai dace wanda ya zauna a gida ya rasa tasa ba.

Su ma gidajen rediyon da ke yaɗa shiri ta intanet akwai gyara a kansu. Magana ba kiɗa ba ce, ba ta bukatar kilobit 128. Da fasahar matse sauti irin Opus, kilobit 32 ya wadatar a ji labarai tangaram, abin da zai sauko da cin data zuwa kusan megabayit 14 a awa, kashi ɗaya cikin huɗu na wancan. Shafin saurare ya kamata ya zama mara nauyi, maɓalli ɗaya babba, babu tarin hotuna da tallan bidiyo da ke cinye data kafin a ji sallama. A gwada shi a kan ƙaramar Itel a ƙauye mai sabis sanda ɗaya, domin a nan ne jarrabawar take. A kuma riƙa tuna wa jama'a cewa yawancin wayoyin da ke hannunsu suna da FM a ciki, wayar abin sawa a kunne ce eriyarsa, kuma ba ya cin ko sisi.

Nauyi mafi girma yana kan gwamnatocin jihohi, masu gidajen rediyon jama'a. Kasafin da za a fara warewa shi ne na gyaran na'urar watsa shiri, da wutar da za ta riƙe ta dare da rana, da ƙananan tashoshin da za su kai murya lungunan Sakaba da Danko-Wasagu da Fakai. Shafin intanet ya biyo baya. Yin akasin haka sakin reshe ne a kama ganye, kuma mutumin Dirin Daji ne zai faɗo.