RA'AYI: Kafin tseren Saly, matasan Dogondutsi da Tibiri su fara da gudun asuba

Daga ranar 31 ga Oktoba zuwa 13 ga Nuwamban 2026, ƙasar Senegal za ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik na matasa, karon farko ke nan da wani bikin Olamfik zai sauka a nahiyar Afirka. Cikin wasannin da za a fafata akwai tirayatalon, wato tsere uku a haɗe, wanda za a yi a garin Saly da ke bakin teku. Ɗan wasa zai fara da iyo, ya fito daga ruwa ya haye keke, ya sauka ya kama gudu, babu hutu a tsakani. A gajeren zango ana iyon mita 750, da tseren keke na kilomita 20, da gudun kilomita 5. A zangon manya kuwa komai ya ninka: mita 1,500, da kilomita 40, da kilomita 10.

A Arewa ta Nijar, wato gundumomin Dogondutsi da Tibiri a jihar Doso, matasa za su kalli wannan gasa a wayoyinsu, a fada, ana zuba shayi. Ba abin mamaki ba ne wani ya ce ai wannan wasan 'ya'yan masu kuɗi ne, tunda babu teku a Dallol Mauri, keken tsere kuma ya fi ƙarfin talaka. Maganarsa tana da gaskiya, amma ta bar kashi ɗaya cikin ukun a baya. Gudu ba ya buƙatar komai sai ƙafa da abokan tafiya, kuma daga nan ya kamata Arewa ta fara. Gaba ɗayan wasan ma daga wurin masu gudu ya samo asali.

A watan Satumban 1974, ƙungiyar masu gudu ta birnin San Diego da ke Amurka ta shirya tseren da ake lissafawa a matsayin tirayatalon na zamani na farko. Mutum 46 suka shiga. Ba gwamnati ce ta kira su ba, ba kuma wani kamfani ba. Mutane ne da suka saba haɗuwa suna gudu, suka ga dama su ƙara iyo da keke don sauya motsa jiki. Bayan shekara 26, a birnin Sydney a 2000, wasan ya shiga Olamfik. Haka nan a 2004, mutum 13 suka taru a wani lambun shaƙatawa a Landan suka yi gudun kilomita 5 ranar Asabar, kyauta. Yau wannan taro da ake kira parkrun ana yin sa duk mako a ƙasashe sama da 20, har da Afirka ta Kudu. Abin da ya raya duka biyun shi ne dawowa kowane mako, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya.

Nijar ta san abin da ke faruwa idan aka tsallake wannan mataki. A Olamfik na Landan a 2012, Hamadou Djibo Issaka ya wakilci ƙasar a tseren kwale-kwale bayan horon kimanin wata uku kacal. Ya zo na ƙarshe, 'yan kallo sun tafa masa, kuma ya cancanci tafin saboda jarumtarsa. Amma Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tun samun 'yancin kai, lambobi biyu Nijar ta ciwo a Olamfik: tagullar Issaka Daboré a damben zamani a 1972, da azurfar Abdoul Razak Issoufou Alfaga a takwando a 2016. Tsakaninsu shekara 44. Ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, ba za a ce ta rasa masu baiwa ba. Aminatou Seyni ta nuna haka lokacin da ta zo ta huɗu a gudun mita 200 a gasar duniya ta 2022 a Amurka. Abin da aka rasa shi ne tsanin da yaro zai taka daga ƙofar gidansu har ya kai inda za a gan shi.

Mutanen jihar Doso ba sa buƙatar a je Turai a nemo musu misalin irin wannan tsani, domin suna da shi a kokawa. Tun da aka fara gasar Takobin Ƙasa a Tawa a 1975, kowace jiha takan tace 'yan kokawarta daga ƙasa zuwa sama, har a fitar da goma da za su wakilce ta. Kadri Abdou, wanda aka fi sani da Issaka Issaka, ya ɗaukar wa Doso takobi sau shida. Babu wanda ya gina masa babban fili kafin ya fara. Kokawa tana da dandali a kowane gari bayan kaka, tana da makaɗa, tana da dattawan da suka san ɗan wane ne ya fara ƙarfi a bana. Wannan sanin ne gudu ya rasa. Akwai yiwuwar yaron da ya fi kowa numfashi a Matankari ko Gesheme yana nan yana bin awaki, kuma zai tsufa ba tare da kowa ya taɓa riƙe masa agogo ba.

Wurin da za a kafa ƙungiyar masu gudu ma yana nan tuntuni, shi ne fada. Masaniyar halayyar al'umma Adeline Masquelier, wadda ta shafe shekaru tana bincike a Dogondutsi, ta fitar da littafi a 2019 kan fadojin samarin Nijar. Duk wanda ya zauna a fada ya san tana da suna, tana da shugaba, tana da karo-karon kuɗin shayi da sukari, kuma mambobinta ba sa fashin zuwa. Wannan shi ne duk tsarin da ƙungiyar gudu take buƙata. Idan fadoji biyar a Dogondutsi suka amince su haɗu bayan sallar asuba sau biyu a mako, suka auna hanya ɗaya ta kilomita 5 da manhajar waya, suka naɗa mutum ɗaya ya riƙa rubuta suna da lokaci a littafi, to an kafa abin da ake magana. Kiyeshe ta yi nata, Kore Mairuwa da Dumega su yi nasu, Tibirin Dutsi ta yi nata. Bayan shekara guda za a iya buɗe littafi a ce ga yara goma da suka fi kowa gudu a Arewa, ga kuma lokacinsu. Irin wannan takarda ce hukumar wasannin guje-guje a Yamai za ta iya aiki da ita.

Akwai masu suka, kuma ya kamata a saurare su. Wasu za su ce mutumin da ya yini a gona, ko matar da ta yi tafiya mai nisa ɗiban ruwa, ba su da buƙatar a koya musu motsa jiki, kuma mai jin yunwa ba ya gudun nishaɗi. Haka ne. Amma maganar ta shafi saurayin gari ne, wanda rayuwarsa ta koma tsakanin benci da bayan kabu-kabu, wanda wani lokaci ƙwayar tiramol ke jiran sa a lungu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na minti 60 a kullum ga yara da matasa masu shekara 5 zuwa 17, da aƙalla minti 150 a mako ga manya. Ko da Arewa ba ta fitar da zakara ko ɗaya ba, saurayin da ya san ana jiran sa da asuba zai kwanta da wuri.

Wasu za su kawo batun zafi da tsaro. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce maki 40, don haka gudun rana ganganci ne. Da asuba za a yi, a tanadi ruwa, a sassauta lokacin azumi da ranakun da ƙurar hunturu ta yi yawa. Game da tsaro kuwa, kowa ya san halin da yankunan Dogon Kirya da Sukukutan suka shiga. Ba wanda ya ce a tura yara daji. Hanya ta kasance cikin gari, da sanin hukuma da masu unguwanni, nesa da babban titin da manyan motoci ke bi tsakanin Yamai da Birnin Ƙwanni.

Batun 'yan mata ma ba a kauce masa ba. Idan ƙungiyar ta zama ta maza zalla, an bar rabin baiwar a gida. Mafita ita ce harabar makaranta, da malama ko uwa mai sa ido, da suturar da iyaye suka yarda da ita. Mata Musulmi da yawa suna fafatawa a gasannin duniya da ɗankwali da dogon wando. Ƙasar da ke alfahari da Sarauniyar Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Faransa a 1899, bai kamata ta ji tsoron ganin yarinya tana zagaya filin makaranta ba.

Saura keke da ruwa. Keke yana da sauƙi, domin hukumar tirayatalon ta duniya ta amince da wani reshe mai suna duwatalon: gudu, keke, sannan gudu, babu iyo. Keken zuwa makaranta ya isa a fara da shi. Ruwa kuwa a nan ne ake bukatar faɗin gaskiya. Kada zumuɗi ya sa wani ya jefa yara cikin Tapkin Saw ko wani kududdufin damina da sunan horo. Ruwan da ba ya gudu yana ɗauke da tsargiya, kuma nutsewa ba ta ba da sanarwa. Yaron da gudu da keke suka nuna yana da numfashi, shi ne za a ɗauki nauyinsa ya je Yamai ya koyi iyo a hannun ƙwararre.

Kira na musamman yana kan 'yan Arewa mazauna Yamai, Kwatano, Legas, Abijan da Turai. An saba ganin ɗan gari ya dawo hutu ya sa kofi, ya raba riguna masu hotonsa, a yi kiɗa kwana ɗaya, a watse sai baɗi. Kuɗin wannan rana guda zai iya riƙe ƙungiya wata da watanni: jarkokin ruwa, akwatin magani, takalma ga yaran da suka fi naci, ɗan ihsani ga malamin wasanni da zai riƙa fitowa da asuba, da kuɗin motar kai zakaru Doso. Wanda yake gudu a ƙasar da yake zaune ya turo tsarin horo ta WhatsApp, ya kuma nemi a riƙa turo masa hoton littafin lokaci duk mako kafin ya sake aiko da ko dala. Su kuma hukumomin garuruwa, abin da ake nema a wurinsu bai wuce izini da tsare hanya na awa ɗaya ba.

Waɗanda za su tsaya a bakin ruwan Saly sun fara shiri shekaru da suka wuce, wannan jirgi ya riga ya tashi. Amma yaron da ke da shekara 14 a 2026 zai cika 20 lokacin Olamfik na Brisbane a 2032. Ko zai je ko ba zai je ba, abu ne da zai fara bayyana daga ranar da wata fada a gindin dogon dutsen nan ta ajiye butar shayi na minti 40, ta auna kilomita 5, ta rubuta sunansa a littafi.