MU SAN DUNIYA: Alkawarin Gida Mai Baki Biyu

A wannan wata za mu leƙa ƙasar Amurka da ƙasar Iran. Masu sauraron radiyo sun sha jin kalmomi uku: nukiliya, takunkumi, yarjejeniya. Bari mu warware su ɗaya bayan ɗaya, don akwai darasi a ciki.

Mu fara da abin da muka sani. A Arlit, cikin jihar Agadas, ana haƙo uraniyom tun 1971. Wannan ƙarfe aiki biyu gare shi. Yana ba da wutar lantarki. Da shi kuma ake ƙera bom na nukiliya, irin wanda Amurka ta jefa wa birnin Hiroshima na ƙasar Japan a 1945. Bambancin yana wurin tacewa. In ka ɗebi ƙwaya 1000 ta uraniyom yadda Allah ya halicce shi, wajen ƙwaya 7 kaɗai ke da ƙarfin da ake nema. Sai a sa shi cikin wasu injuna masu juyawa da sauri, kamar yadda ake kaɗa nono har mai ya ware. In mai ƙarfin ya kai kashi 3 zuwa 5 cikin 100, ya isa wutar lantarki. In ya kai wajen kashi 90, ya isa bom. Inji iri ɗaya ke yin duka biyun. Nan ne tushen zargi.

Iran ta kafa irin waɗannan injuna. Ta ce wuta take nema da aikin asibiti. Amurka da Isra'ila da ƙasashen Turai suka ce bom take nema. Daga 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara sa mata takunkumi. Makiyayi ya san takunkumi: abin da ake ɗaura wa dabba a baki don kada ta ci. Haka ake yi wa ƙasa. A hana ta sayar da kayanta, a tsare kuɗinta a bankunan waje. Mu ma mun ɗanɗana. Daga ƙarshen Yuli 2023 zuwa Fabrairu 2024 CEDEAO ta rufe mana iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya. Kowa ya tuna yadda tiyar shinkafa ta yi tsada, yadda magani ya yi wuya.

Bayan doguwar tattaunawa, ran 14 ga Yuli 2015 aka shirya a birnin Biyana na ƙasar Otirish. Iran na gefe ɗaya. Amurka, Ingila, Faransa, Jamus, Rasha da Sin na ɗaya gefen. Iran ta yarda tacewarta ba za ta kai kashi 4 cikin 100 ba. Ta yarda ba za ta ajiye fiye da kilo 300 ba har shekara 15. Injunanta wajen 19,000 ta rage su zuwa wajen 6,000. Ta buɗe ƙofa ga masu bincike na hukumar nukiliya ta duniya. A madadin haka, cikin Janairu 2016 aka kwance mata takunkumin da ya shafi nukiliya.

To, me ya ɓata wannan shiri? Amsar tana cikin gidan Amurka. Manyan jam'iyyu biyu gare su, Demokarat da Rifablikan. Shugaba Barack Obama, wanda ya ƙulla shirin, ɗan Demokarat ne.

Ƴan Demokarat suka ce: gara idonmu na cikin ɗakin maƙwabci da mu tsaya waje muna zato. Mai bincike yana ƙirga injuna, yana auna kilo. In Iran ta yi ha'inci za a gane da wuri. In babu shiri, sauran yaƙi, kuma sun ga abin da yaƙin Iraƙi na 2003 ya jawo musu.

Ƴan Rifablikan suka ce: wannan shiri na ɗan lokaci ne. Bayan shekara 10 zuwa 15 manyan sharuɗɗan za su ƙare, injunan kuwa suna nan a ajiye. Shirin bai taɓa makamai masu linzami ba. Kuɗin da za a sakar wa Iran, in ji su, zai tafi wurin mayaƙan da take taimako a Labanan, Siriya da Yaman. Suka ce a ƙara matsa takunkumi har ta yarda da fiye da haka.

Kowane ɓangare yana da hujjar da ta isa a saurara. Inda gizo ke saƙa shi ne ba su haɗa baki ba kafin a ba baƙo alkawari. A dokar Amurka, yarjejeniya mai ƙarfi sai dattijai 67 cikin 100 na majalisar dattawa sun amince. Obama ya san ba zai same su ba, sai ya ƙulla da ikonsa na shugaba. Tun a Maris 2015 dattijai 47 ƴan Rifablikan suka rubuta wa shugabannin Iran takarda, suka ce shugaba mai zuwa yana iya soke komai. Da aka zo ƙuri'a a Satumba, dattijai 42 suka tsaya wa shirin, babu ɗan Rifablikan ko ɗaya a cikinsu.

Abin da aka faɗa kuwa ya faru. Ran 8 ga Mayu 2018 shugaba Donald Trump, ɗan Rifablikan, ya fitar da Amurka, ya maido da takunkumi, alhali masu bincike sun sha shaida cewa Iran na riƙe da sharuɗɗan. A 2019 ita ma Iran ta fara saɓawa. A 2021 tacewarta ta kai kashi 60. Shugaba Joe Biden, ɗan Demokarat, ya nemi a gyara, magana ta ƙi ci. A Yuni 2025 Isra'ila da Iran suka yi yaƙin kwana 12, jiragen Amurka suka jefa bom a wuraren tacewa na Fordo da Natanz da kuma cibiyar Isfahan. A Satumba 2025 takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya ya dawo.

Wa ya biya kuɗin wannan gardama? A farkon 2018 Iran na sayar da gangar man fetur fiye da miliyan 2 kowace rana. Kafin ƙarshen 2019 abin bai kai rabin haka ba. Kuɗin ƙasar ya faɗi, abinci ya yi tsada. A takarda an ce takunkumi bai shafi magani ba, amma bankuna suka ji tsoron taɓa cinikin Iran, wasu magunguna suka yi wuya. Mai ciwo da leburan kasuwa ba su da kujera a majalisar kowa, amma su suka fara jin jiki.

Ƴan'uwa, yarjejeniyar Biyana ta fi shafi 150, masana suka rubuta ta, ba ta kai shekara 3 ba babban ginshiƙinta ya zame. A makarantun yaƙi da jahilci kullum muna cewa a rubuta ciniki, a rubuta bashi, kuma ba mu fasa ba. Amma takarda ba ta riƙe kanta, mutane ke riƙe ta. In maigida ya jinginar da gonar gandu ƙannensa ba su yarda ba, ran da ya kau rigima ce. In za a shata burtali tsakanin manoma da makiyaya, kada a tsaya ga maigari da ardo kaɗai. A kira masu goyon baya, a kira masu ƙi, a ji ta bakin kowa kafin a dangwala yatsa. Alkawari kaya ne, sai gida duka ya ɗauka.

Ku karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna, ku tattauna a dandali. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.