Lambar Yabo Da Ruwan Majema

Tun daga shekarar 2004 kamfanin iskar gas na NLNG ya soma ba da Kyautar Kimiyya ta Nijeriya, wadda kuɗinta ya fara daga dalar Amurka 20,000 har ya kai dala 100,000 a 2011. Duk wanda ya bi jerin waɗanda suka ci wannan kyauta zai ga cewa injiniyoyin sarrafa sinadarai sun taka rawar gani. Waɗanda suka buɗe fagen su ne Farfesa Akpoveta Susu na Jami'ar Legas da ɗalibinsa Kingsley Abhulimen, saboda dabarar da suka tsara ta gano inda bututun mai yake yoyo ta hanyar kwamfuta. A 2018 Dokta Peter Ngene ya karɓe ta kan hanyar adana makamashin da ake samu daga rana da iska, a 2019 kuma Farfesa Meihong Wang da Dokta Mathew Aneke suka ci saboda aikinsu na kama iskar kabon da ke fita daga masana'antu kafin ta bi sararin sama.

Ba shakka wannan abin a yaba ne, musamman da yake alƙalan gasar sun sha ƙin ba kowa kyautar a shekarun da suka ga aikin da aka gabatar bai kai ba. Wannan tsauri shi ne ya sa take da daraja. Amma kyauta ce ta bincike, kuma bincike rabin tafiya ne. Abin lura kuma, Ngene a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan ya yi aikinsa, su Wang da Aneke kuwa a Jami'ar Sheffield ta Ingila, watau ɗakunan gwajin da suka haifi nasarar ba a ƙasar nan suke ba. Ɗaya rabin tafiyar, wato injiniyan da ya shiga masana'anta ya sauya yadda take aiki har ta rage dagwalon da take zubarwa, shi ne yabo bai cika kaiwa gare shi ba.

Akwai abin koyi a yadda Amurka ta bi da wannan lamari. A 1996 hukumar kare muhalli ta ƙasar ta fara ba da lambar yabo ga masu harhaɗa sinadarai ta hanyar da ba ta ɓata ƙasa da ruwa. A 1997 lambar ta je hannun kamfanin BHC saboda sabuwar hanyar haɗa ibuprofen, maganin nan na ciwon jiki da ake sayarwa a kowane kyamis. Tsohuwar hanyar, wadda aka yi ta bi tun shekarun 1960, matakai shida gare ta, kuma a lissafi wajen kashi 40 cikin 100 ne kawai na kayan haɗin ke shiga cikin maganin, saura ya zama shara. Sabuwar hanyar ta mai da matakan uku, abin da ke shiga cikin maganin ya kai kashi 77, ragowar kuma ruwan tsami ne irin na cikin binega wanda ake tarawa a yi wani amfani da shi. Lokacin da aka ba da lambar, masana'antar da ke Jihar Texas ta kusa shekara biyar tana aiki da wannan hanya. Alƙalai sun tarar da injuna suna juyawa da alƙaluman da za a iya tantancewa, kamfanin kuma ya rage asarar kuɗi, domin duk sharar da aka zubar kaya ne da aka saya da tsada.

Idan ana neman inda irin wannan ma'auni zai yi amfani a nan gida, ba sai an yi nisa ba. Kano ce cibiyar jimar fata a ƙasar nan, kuma manyan majemunta suna Challawa da Sharaɗa da Bompai. Galibinsu da gishirin kuromiyam suke jima, domin ya fi bagaruwar majeman gargajiya sauri nesa ba kusa ba. Sai dai fata ba ta shanye duk abin da aka zuba mata. Wajen kashi ɗaya cikin uku yakan rage a cikin ruwan jima. In ba a tace ruwan ba, na Challawa da Sharaɗa ya gangara kogin Challawa, na Bompai ya bi rafin Getsi zuwa Jakara. A bakin waɗannan ruwaye masu noman rani suke ban-ruwan latas da kabeji da alayyafo, waɗanda ke ƙarewa a kasuwannin birni da tukwanen gidajen jama'a, har da gidajen manyan ma'aikatan da takardun wannan matsala ke kan teburinsu.

Maganin abin sananne ne ga duk ɗalibin da ya karanci fannin. Akan tara ruwan jima daban, a zuba masa sinadarin da zai sa kuromiyam ya kwanta a ƙasa, a tsiyaye ruwan sama, a narka abin da ya kwanta da asid, a sake mayar da shi cikin gangar jima. An daɗe ana yin haka a majemun Indiya da na Turai. Mai masana'anta yana rage sayen gishirin da ake shigowa da shi daga waje da kuɗin musaya, kogi kuma yana hutawa. Doka ma tana nan, tun da hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin masaƙu da majemu a 2009. Masana kuma suna Zariya, a Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Binciken Fasahar Sinadarai ta Ƙasa da Cibiyar Nazarin Fata. Tsakanin Zariya da Kano tafiyar sa'o'i kaɗan ce a mota.

To, me ya hana ruwa gudu? Wani ɓangare na amsar yana cikin yadda ake saka wa mutum. Malamin jami'a da yawan maƙalun da ya buga ake yi masa ƙarin girma. Wanda ya kwashe shekara biyu cikin warin ƙirgi yana daidaita tanki da famfo, ya fito da maƙala guda ko babu, zai tarar abokan karatunsa sun wuce shi. Ɗalibai kuwa idonsu biyu. Suna ganin hanyar da ke kai mutum ga kujerar farfesa, kuma ita za su bi. Laifin ba nasu ba ne.

Saboda haka ya kamata Gwamnatin Jihar Kano, tare da Ƙungiyar Injiniyoyin Sinadarai ta Nijeriya da ƙungiyar masu masana'antu, su kafa lambar yabo ta shekara-shekara don aikin da ya riga ya kankama a cikin masana'anta. Sharaɗin ya zama mai sauƙin fahimta: a ɗebi ruwa a bakin magudanar kamfanin kafin gyara, a sake ɗiba bayan wata 12, ɗakin gwajin da ba na kamfanin ba ya auna, a buga sakamakon kowa ya gani. Lambar ta haɗa injiniyan da mai masana'antar da ya yarda ya sa kuɗinsa, shi kuma a rangwanta masa wani abu daga harajin jiha na wannan shekara. Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa da majalisun gudanarwar jami'o'i su ma sai su amince a lissafa irin wannan aiki cikin makin ƙarin girma. Kuma kamar yadda alƙalan Kyautar Kimiyya suka saba yi, duk shekarar da ma'auni ya nuna ruwan bai sauya ba, a riƙe lambar sai baɗi.