Adabi Na Masu Karatunsa Ne: Darasi Daga Taron Gilasgo

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Na daɗe ina jin labarin wani taro da masu sha'awar ƙagaggun labaran kimiyya da na al'ajabi kan yi shekara-shekara, wanda ake kira Worldcon, amma ban taɓa ɗaukarsa a bakin kome ba. A zatona wasan yara ne kurum, inda ƙarti da gemunsu kan sa tufafin dodanni su yi ta tsalle-tsalle. Ana nan sai wata hidimar karatu ta kai ni Birtaniya a watan Agusta na 2024, ta kuwa zo daidai da lokacin da aka yi taron a birnin Gilasgo na ƙasar Sukotland, daga ranar 8 zuwa 12 ga wata. Kallo ya kai ni, amma na komo da wani ra'ayi da nake so in gabatar ga malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, watau cewa abin da ke raya kowane irin adabi shi ne haɗuwar masu karatunsa.

Da farko dai ya kamata a san cewa wannan taro ba yau aka fara shi ba. An soma yinsa a birnin Niyok na Amurka a 1939, ya tsaya daga 1942 zuwa 1945 saboda Yaƙin Duniya na Biyu, sa'an nan ya ci gaba. Na Gilasgo shi ne karo na 82, kuma karo na uku ke nan da birnin ya karɓi baƙuncinsa, bayan 1995 da 2005. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, masu karatu ne da kansu ke shirya shi, aikin sa kai, ba wata hukumar gwamnati ko jami'a da ke riƙe da linzaminsa. Wanda ya biya kuɗinsa kuwa mamba ake kiransa, yana da murya da ƙuri'a.

Lalle na ga masu shigar dodanni da ta jarumawan littattafai, har ma akwai daren da aka keɓe don gasar irin wannan ado. Amma wannan ɗan yanki ne na abin da ake yi. Tun daga hantsi har dare ɗakuna cike suke da muhawara: nan ana zancen fassara, can ana zancen yadda marubuci kan ƙago harshe ga mutanen da ya ƙirƙira, gaba kuma masana taurari na bayanin bincikensu. A wani ɗaki na ga wata dattijuwa ta miƙe ta ja da wani marubuci a kan ƙarshen littafinsa, shi kuwa ya saurare ta da ladabi, ya ba ta amsa kamar ɗalibi a gaban mai jarrabawa. Ita ba ta ambaci wani digiri ba. Hujjarta kawai ita ce ta karanta littafin, ta kuma riƙe abin da ke cikinsa.

Haka kuma mambobin nan su ne ke zaɓen waɗanda za a ba kyautar Hugo, wadda aka fara bayarwa a 1953, aka sa mata sunan Hugo Gernsback, mutumin da ya kafa mujallar Amazing Stories a 1926. Su ke ba da sunayen littattafan da suka cancanta, su kuma jefa ƙuri'a ta hanyar jera su daga wanda suka fi so zuwa na ƙarshe. A wannan shekarar Emily Tesh ce ta ci kyautar babban labari da littafinta Some Desperate Glory. Daɗin daɗawa, su ke zaɓen garin da za a yi taro shekara biyu masu zuwa, kuma ba a canza dokar ƙungiyarsu sai zama biyu a jere sun amince.

Wani na iya cewa yawan ƙuri'a ba shi ne ma'aunin ingancin adabi ba, kuma da gaskiyarsa. Hasali ma tsarin yana da nasa aibu. A taron 2023 da aka yi a Cengdu ta ƙasar Sin an cire wasu ayyuka daga takara ba da wani gamsasshen bayani ba, ciki har da Babel na R. F. Kuang. A Gilasgo ma sai da masu kula da zaɓe suka soke ƙuri'u 377 da suka tabbatar na maguɗi ne. Ga kuma tsadar tafiya da wahalar samun biza, waɗanda kan hana yawancin masu karatu na Afirka zuwa. Duk da haka, abin lura shi ne mambobin ne da kansu suka tono maganar Cengdu, suka yi ta cacar baki a kanta, masu shirya na Gilasgo kuma suka fito fili suka faɗi adadin ƙuri'un da suka soke. Mutum ba ya irin wannan faɗa sai a kan abin da ya ɗauka nasa ne.

Inda abin ya taɓa ni shi ne wajen zancen Afirka. Cikin manyan baƙin taron akwai Nnedi Okorafor, 'yar asalin Nijeriya haifaffiyar Amurka, wadda labarinta Binti ya ci kyautar Hugo a 2016. Ana kuma ta ambaton Tade Thompson, wanda Rosewater nasa ya ci kyautar Arthur C. Clarke a 2019. Dukkansu da Ingilishi suke rubutu. A wajen shan shayi wani dattijo ya tambaye ni ko akwai irin wannan adabi da harshenmu. Na ce akwai, na ambata masa Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, inda aka ɗauki yaro Kilba zuwa sararin samaniya. Na ƙara masa da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda gasar 1933 ta haifar, ga su cike da aljannu da abubuwan al'ajabi. Ya rubuta sunayen a takarda, ya ce, "To, ina masu karatunsu ke haɗuwa?" Nan na yi shiru, kunya ta rufe ni.

Tambayar nan ita ce ta sa ni wannan rubutu. Muna da littattafan, muna da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da na Dodo, ga kuma ɗimbin matasa da ke karanta labaran aljannu da na yaƙi a wayoyinsu. Amma sau da yawa mu masu nazari mukan ɗauki littafi mu feɗe shi, mu fid da jigo da salo da zubi da tsari, mu ci jarrabawa, mu ajiye. Ba safai mukan zauna da wanda ya karanta shi don jin daɗi kawai mu ji ta bakinsa ba. Shi kuwa labarin al'ajabi wasunmu kan yi masa kallon abin yara, alhali da shi ƙagaggen labarin Hausa na boko ya fara tafiya.

Saboda haka shawarata ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa ita ce mu keɓe yini guda a shekara, mu gayyato marubuta da masu sayar da littattafai da masu karatu daga cikin gari, mata da maza, a zauna a yi muhawara a kan irin waɗannan labarai, a kuma bar mahalarta su zaɓi wanda ya fi burge su. Ba sai an jira kuɗi masu yawa ba, domin waɗanda suka hallara a Niyok a 1939 ba su wuce mutum 200 ba. Malamanmu su zo da iliminsu, masu karatu su zo da sha'awarsu, kowa ya ƙaru da ɗan'uwansa. Wanda yake da ja a kan wannan ra'ayi, ina roƙonsa ya ɗauki alƙalami ya ba ni amsa a fitowa ta gaba.